Datsun 260Z da ta daɗe a ajiye: ina ya kamata kuɗin gyara ya fara shiga?

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Datsun 260Z ƙirar 1976. Tun yana raye take ajiye a gidanmu da ke Bolari a nan Gombe, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, yau fiye da shekara goma ba a tayar da ita ba. Da aka raba gado sai ta faɗo a rabona. Ni ma'aikaci ne, abin da zan iya warewa duk wata ba shi da yawa. Abokai suna cewa in fara da fenti da sababbin rim, wani bakanike kuma ya ce a cire injin a sa na Toyota a huta. Da me ya kamata in fara, kuma wane ƙari ne mai sauƙin kuɗi da zai amfane ta?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya sa wa abin da ya bari albarka. Ɗan'uwa, tambayarka kashi biyu ce: jerin abin da za a gyara tun daga na farko, da kuma inda ɗan ƙari zai yi amfani ba tare da an lalata asalin motar ba. Amsata a taƙaice ita ce kuɗinka na farko ya tafi kan abubuwa uku: motar ta iya tsayawa idan an taka birki, kada ta tafasa, kada ta kama da wuta. Fenti shi ne na ƙarshe. Injin kuwa ina roƙonka kada ka bari a taɓa shi sai an auna shi.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Kamfanin Nissan ya fito da 240Z a 1969, ita ce yayar motarka, kuma ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, a kan hanyoyin ƙura da taɓo irin waɗanda muka sani. 260Z ta biyo baya da inji mai suna L26, silinda shida a jere, girmansa 2,565cc. Gangar injin ƙarfe ce, top ɗinsa, wato kan injin, alminiyam ne, kuma sarƙa ce ke juya kamshaf, ba bel ba. Kafireto biyu ne na Hitachi. Birkin gaba faifai ne, na baya ganga. Abu mafi muhimmanci da mutane ke mantawa shi ne motar ba ta da shasi daban irin na a-kori-kura: jikinta shi ne shasinta. Idan tsatsa ta ci ƙasan jikin, ƙarfin motar gaba ɗaya ta ci.

Kada a tayar da ita tukuna

Abin da aka fi yi a garinmu shi ne a aro batir, a tsiyaya fetur a bakin kafireto, a yi ta murza makulli har sai ta ɗauka, kowa ya yi murna. A wannan minti biyar ɗin ake kashe injuna da yawa masu lafiya. Bayan shekara goma duk bakin man da ke sama ya gangara kasko, kamshaf da metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, a bushe suke, ringi kuma wataƙila sun manne da bangon silinda.

Ga yadda nake yi idan irin wannan mota ta shigo gareji. A cire fulogi duka shida, a ɗiga ɗan bakin mai ko man giyar otomatik a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu ko uku. Sannan a sa sifana a kan babban notin fulin karanshaf a juya da hannu. Idan ya juya sumul, alhamdu lillahi. Idan ya cije, kada a sa ƙarfi, a ƙara mai a ƙara jira. A buɗe murfin saman inji a zuba sabon mai a kan kamshaf. A yawancin waɗannan injunan akwai wani siririn bututu mai ƙananan huji da ke kwance gefen kamshaf yana fesa masa mai. Dattin tsohon mai yana toshe hujin, kuma huji ɗaya idan ya toshe, kunnen kamshaf da ke gabansa zai cinye cikin ɗan lokaci. A kwance shi, a wanke da kananzir, a hura iska har sai an ga kowane huji yana fitarwa. Wannan aiki bai fi kuɗin kananzir ba, amma ya ceci injuna da dama a hannuna.

Daga nan a zubar da tsohon bakin mai, a sa sabo mai kauri 20W-50 da sabuwar filta, a murza kik ba fulogi har allurar mai ta motsa. Sai a sa ma'aunin matsin silinda a auna duka shida. Abin da nake dubawa shi ne su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi goma cikin ɗari ko kusa da haka. Idan biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, zargi ya koma kan gasket. Idan ɗaya ya faɗi amma ya tashi bayan an ɗiga masa mai, ringi ne. Idan bai tashi ba, bawul ne. Wannan awon shi zai gaya maka gaskiyar injin, ba maganar bakin kowa ba.

A ranar kuma a tura ta kan rami, ka shiga da kanka da tocila da sukudireba. Ka soki layukan ƙarfe biyu da suka taso daga gaban inji suka bi ƙarƙashin kujeru, da daɓen ƙafa, da ƙasan mazaunin batir inda ruwan batir ke zuba, da bakin ƙofar baya, da ramin safaya taya. Mu a Gombe muna da sa'ar bushewar iska, motocinmu ba sa ruɓewa kamar na bakin teku. Amma motar da ta yi damina goma ƙarƙashin dogon yaro, ganye ya toshe magudanan da ke gindin gilashin gaba, ruwa ya yi ta kwanciya. Ɗaga kafet ka gani. Idan sukudireba ta huda layukan nan, to walda ta shiga gaban komai, kuma da farantin ƙarfe na gaske za a yi, ba a cusa bodi fila a shafe ba. Ban ga motarka ba, don haka ba zan iya cewa ga halin da ƙasanta ke ciki ba. Idan ruɓewar ta kai inda ƙafafun gaba ke ɗaure, ka tsaya ka yi lissafi da kyau kafin ka kashe ko kwabo a wani wuri.

Birki da taya

Man birki yana shan danshi daga iska. Bayan shekaru ruwan da ya sha yana sa tsatsa cikin masta da silindojin ƙafa, robobin ciki kuma su ƙage. Birkin zai iya kamawa a tsakar gida, ranar da ka fito titi ka taka da ƙarfi feda ta tafi ƙasa. Saboda haka ba na gwada tsohon birki, canza shi nake yi: robobin masta, robobin kalifa, silindojin baya, takalman birki, da tiyo na roba da ke zuwa kowace ƙafa. Tiyon nan yana kumbura ta ciki ko da bayansa yana da kyau, sai ka ga taya ɗaya ta riƙe ta ƙi saki. A wanke layin duka a cika da sabon mai DOT 4 daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka. Mastar kuloci da silindarsa ma irin man suke sha, a yi su rana ɗaya.

Taya kuma ko zanenta bai taɓu ba, ta mutu. A gefen kowace taya ta zamani akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ka karanta wannan kafin ka biya, domin a kasuwa ana sayar da tayar da ta tsufa a shago ko ta gwanjo da aka goge da mai. Rim ɗin motarka inci 14 ne mai noti huɗu, kuma har yanzu ana samun tayoyinsa. Sababbin taya huɗu a kan tsohon rim sun fi rim mai ƙyalli a kan taya gwanjo nesa ba kusa ba. Kwaltar hanyar Gombe zuwa Bauchi a watan Afrilu ba ta yi wa tsohuwar roba sassauci.

Fetur da wuta

Wannan sashe ne nake so ka fi natsuwa a kai, domin a nan ne ake rasa mota ɗungurungum. A injin L26 hanyar shigar fetur da hanyar fitar hayaƙi gefe ɗaya suke, wato kafireto biyun suna zaune ne a saman ƙarfen salansa mai zafi. Ɗigo kaɗan daga fasasshen tiyo ya isa. Duk wani tiyon fetur da ke jikin motar, daga tanki har kafireto, a cire a zubar, a sa sabo wanda aka yi don fetur, da kilif na noti. Kada ka yarda a sa farin tiyo irin na janareta ko a ɗaure da waya. Farantin da ke tsakanin kafireto da salansa mai tare zafi, idan an taɓa cirewa an yar, a nemo ko a yanka wani. Rashinsa ne ke sa fetur ya tafasa a cikin bututu, mota ta mutu a cunkoson kasuwa da rana ta ƙi tashi sai ta huce.

Tanki a sauke shi. Tsohon fetur yana komawa kamar danƙo mai wari, ga tsatsa a ƙasa. A wanke, a bushe, a duba huji. Mai walda da ya san aikinsa ba zai kusanci tanki da wuta ba sai an wanke shi sarai an cika shi da ruwa. Ka sa filta mai gani-har-hanji kafin famfon fetur, ka riƙa dubawa, ka ajiye safaya a mota. Kuma ka guji man 'yan bumburutu a wannan motar, ruwa da ƙasa da ke cikin jarka su ne abokan gabar kafireton nan.

Kafireton kansu ba su da wuyar sha'ani, sai dai 'yan garejin yanzu da yawa ba su taɓa buɗe irinsu ba. Kowanne yana da fistan da ke hawa da sauka da allura a gindinsa, a samansa kuma akwai murfi da ake zuba ɗan mai marar kauri. Idan man ya ƙare, mota za ta riƙa shaƙewa idan an taka totur. A wanke su, kada a goge allurar da samfefa, kada a musanya kayan na gaba da na baya, sannan a daidaita su su ja iska daidai wa daida. Nemi dattijon bakanike wanda ya yi zamani da Datsun da Peugeot 504. Akwai su a Gombe da Bauchi, kuma kunnensu kaɗai ya fi na'urar wasu.

Akwai wata matsala da wannan ƙirar ta yi suna da ita: idan robar ƙofar baya ta mutu, ko tiyoyin numfashin tanki da ke bayan bangon but suka tsage, hayaƙin salansa da warin fetur suna dawowa cikin mota, musamman idan an sauke gilashi. Direba ya fara ciwon kai da jin barci bai san dalili ba. Robar ba ta da tsada idan aka kwatanta da abin da take karewa.

Wayoyi kuwa, ɓeraye sun yi shekara goma suna zaune. A bi su ɗaya bayan ɗaya, a buɗe akwatin fis a duba ko ya narke. Duk fis da aka naɗe da zaren waya ko takardar sigari a cire. Ka sa makashin batir, wanda za ka murza ka yanke wuta gaba ɗaya idan ka ajiye mota, ka kuma sayi tukunyar kashe gobara ka ɗaure ta inda hannunka zai kai kana zaune, ba don jami'an kiyaye haɗurra kawai ba.

Ruwa da zafi

Top ɗin alminiyam ba ya yafe tafasa. Sau ɗaya ya yi zafi sosai zai iya lanƙwashewa, gasket ta ƙone. A kai lagireto wurin masu wankewa su buɗe shi su zura kowace hanya, idan saƙar ta ruɓe a sake mata sabuwa mai layi uku. A canza famfon ruwa, da tiyoyi har da ƙananan da ke zuwa hita, da fanbel, da murfin lagireto mai lambar matsi 0.9. Fankar tana da kuloci mai ruwa a tsakiya. Idan inji ya yi zafi ka kashe, ka tura fankar da hannu ta yi ta juyawa ba tirjiya, ta mutu.

Abu biyu nake yawan jayayya da abokan sana'a a kansu. Na farko cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har sai inji ya yi zafi. Al'ada ce a nan a ce ƙasarmu da zafi, a cire a jefar. Ni ban yarda ba. Inji yana buƙatar ya kai zafinsa da wuri ya tsaya a nan. Ba tamostat, da safiyar hunturu zai daɗe yana aiki da sanyi, ya sha mai, fetur ya wanke bangon silinda. Sa sabo mai buɗewa a digiri 82, ko wanda ya ɗan fi shi saurin buɗewa. Na biyu ruwan rijiya ko na burtsatse. Gishirin da ke cikinsa shi ne farin dutsen da kake gani ya toshe lagireto, kuma yana cin alminiyam. Sa ruwan kulan na gaske da aka haɗa da tataccen ruwa.

Ƙarin da ya cancanci kuɗinsa

Sai an gama waɗancan ake maganar ƙari, kuma sa'ar da ka yi ita ce mafi amfaninsu daga 'yan'uwan motar ake ciro su. Sharaɗina ɗaya ne: duk abin da za a ƙara ya zama ana iya kwance shi a mayar da na asali, kuma na asalin ka adana shi a kwali.

Na farko a wurina shi ne rila, wato ɗan makunnin lantarki mai ɗaukar nauyin wuta, a fitilun gaba. A yadda aka ƙera motar, wutar fitila tana bi ta makunnin da ke jikin sitiyari da akwatin fis, shi ya sa suke zafi su narke, fitila kuma ta yi ja kamar aci-balbal. Rila biyu da waya mai kauri da fis daga batir sun magance wannan, haske ya ƙaru, makunnin da samunsa ke da wuya ya huta. Fitilun zagayayyu ne masu inci bakwai, ana samun irin da ke ɗaukar ƙwan H4 su zauna ba yanka.

Na biyu distiributa, mai raba wa fulogi wuta. Idan taka mai kwantak ce, ka san kwantak da kwandansa na kasuwar yanzu yawanci jabu ne, ba sa jimawa. Distiributar Datsun 280ZX, wadda aka yi daga 1978 zuwa 1983, ta lantarki ce, tana da ɗan baƙin akwati a gefe mai lamba E12-80, kuma tana zama a injinka idan aka haɗo da gindinta da kwayil da ya dace. Mota za ta riƙa tashi bugu ɗaya, ka huta da gyaran tazara. Jerin wutar silinda 1-5-3-6-2-4 ne, ka rubuta ka ajiye. Altanetar 280ZX ɗin ma ta fi taka ƙarfi kuma regiletarta a ciki take, amma wannan aikin mai wayarin da ya ƙware ne, domin sai an cire tsohuwar regileta an haɗa wayoyin daidai.

Na uku, masu irin wannan mota a ƙasashe da dama suna sa kalifar gaba ta tsohuwar Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu ta farkon shekarun 1980, mai fistan huɗu, wadda ake gane ta da rubutun S12-8. Ramukan notinta sun yi daidai, sai ɗan datse farantin bayan faifai da duba ko rim zai shafe ta. Yana da kyau, amma ba dole ba ne. Birkin asali da aka gyara da kyau ya ishi tuƙin da za ka yi. Idan an sa, a gwada a fili a tabbatar gaba da baya suna kamawa yadda ya kamata.

A ƙafafu, a canza shokozoba, boljoyin, tayirod, robar da ke haɗa sandar sitiyari, da bushin duka. Idan kana jin "ƙwas" daga baya lokacin da ka saki kuloci, yawanci robar mazaunin aksul ce ta yage. Za ka ga ana tallan bushin masu tauri masu launi. A hanyoyinmu na roba sun fi, musamman a sandar da ke riƙe ƙafar gaba daga baya, domin mai tauri yana iya sa sandar ta karye. Kada kuma ka bari a rage mata tsayi. A yadda take ma sai ka bi tudun rage gudu a karkace.

Wurin neman kaya, abin da ya gagara a Gombe a tambaya Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Ka tafi da tsohon a hannu, ko ka aika hotonsa da awonsa. Robobin gilashi da na ƙofa da kayan cikin kafireto galibi sai an yi oda daga waje ta intanet. Tara su ka yi oda sau ɗaya saboda kuɗin dako. Farashi ba zan faɗa ba, domin yana canzawa da canjin dala.

Maganar canza inji

Na fahimci bakaniken da ya ba ka shawarar, injin Toyota ya sani kuma kayansa na ko'ina. Amma aikin ba ya tsayawa a inji: sai an yanka mazauni, an sauya giya, an gyara farfela, an ja sababbin wayoyi, an sa famfon fetur mai matsi. Kuɗin yakan zarce na gyaran L26 ɗin, kuma a ƙarshe darajar motar ta faɗi, domin masu neman irinta lambar injin da ke jikin faranti suke dubawa su gwada da ta jikin ganga. Ga kuma ƙarar silinda shidan nan, wadda ita ce Baba ya saya.

Idan awo ya nuna ringi ko bawul, gyara ne na yau da kullum. Gargaɗi ɗaya ga wanda zai buɗe top: kafin a cire haƙorin kamshaf dole a cusa katako tsakanin sarƙar ya riƙe ta, in ba haka ba abin da ke ɗame sarƙar zai fito daga gurbinsa a ƙasa, sai an kwance gaban inji duka. Wanda bai san wannan ba, bai san injin ba, kada ka ba shi. Tazarar bawul idan inji yana da zafi milimita 0.25 ce a na shiga, milimita 0.30 a na fita. Idan kuwa gangar ta fashe, mafita ita ce L28, ƙanen injinka mai lita 2.8 da ya zo a 280ZX da wasu tsofaffin Nissan Patrol da Laurel. Yana zama a mazaunin, sai dai a mayar masa da kaskon mai da bututun tsotso na motarka. Tsohuwar gangar kuma a ajiye ta a gida.

Tunda albashi kake jira, raba aikin wata-wata yadda na jero, kada ka kai ta gareji a warwatsa ta gaba ɗaya; motocin da aka yi wa haka da yawa suna nan a kan duwatsu, kayansu sun ɓace. Kafin nan ka fitar da ita daga ƙarƙashin bishiyar zuwa rumfa, ka nemo takardunta ka sabunta su da sunanka da yardar sauran magada a rubuce. Idan ta tashi, fara da zagayen unguwa da sassafe, ka dawo ka leƙa ƙasa ka shinshina. Bayan mako ka kai ta Dadin Kowa ka dawo, idonka a kan allurar zafi, ka sake canza bakin mai da filtar fetur. Sai ta yi watanni tana tafiya ba ɗigo ba tafasa za ka kira mai fenti, ka ce ya kankare har ƙarfe a duk inda ya kumbura, ya mayar mata da launinta na asali, wanda za ka samu a ƙarƙashin kafet ko cikin but inda rana ba ta taɓa ba.